Tsawa Da Wulaƙanci Na Lalata Hannun Ɗaliban Haƙori

Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa kai shi asibitin koyarwa, a Legas ko a Ibadan, wataƙila ɗalibi ne ya duba bakinsa, malaminsa na tsaye yana lura. Haka tsarin yake a Nijeriya tun 1966, shekarar da aka buɗe makarantar likitocin haƙori ta farko a Jami'ar Legas, a Idi-Araba. Karatun shekara 6 ne, kuma ɗalibi yakan fara koyon fafe haƙori da cike shi a kan mutum-mutumi kafin a miƙa masa mutum mai rai.

To, abin da jama'a ba su cika lura da shi ba shi ne, irin maganar da ake yi wa ɗalibin nan a ɗakin aiki tana iya gyara hannunsa, tana kuma iya ɓata shi. Ba sai an kai ga zagi ba. Tsaki, harara, gatse, ko a kunyata shi a gaban majinyaci, ko daga malami ne ko nas ko shi kansa majinyacin, duk suna da illa.

Masana sun gwada wannan a wasu fannonin asibiti. A shekarar 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Isra'ila da ƙungiyoyi 24 na likitoci da nas-nas masu kula da jarirai bakwaini. An ba su mutum-mutumin jariri su yi masa magani, wasu daga cikinsu kuma aka sa wani baƙon ƙwararre ya yaɓa musu baƙar magana. Waɗanda aka muzanta sun gaza takwarorinsu wajen gane cutar da wajen aikin hannu, sun kuma rage neman taimakon juna.

A 2019 kuma aka buga na Amurka, a kan likitoci masu koyon sa majinyaci barci lokacin tiyata. Cikin waɗanda suka yi aiki da likitan tiyata mai sakin fuska, kashi 91 cikin 100 sun yi yadda ake bukata, amma cikin waɗanda aka haɗa da mai tsawa kashi 64 ne kacal. Abin mamaki, su waɗanda aka yi wa tsawar ba su ma san aikinsu ya ragu ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda aka ci wa fuska hankalinsa yakan rabu biyu, rabi a kan aiki, rabi a kan maganar da aka gaya masa. Aikin haƙori kuwa da milimita ake auna shi. Idan injin ya zarce kaɗan sai ya taɓa jijiyar da ke cikin haƙorin, kuma farin ɓawon haƙori in ya tafi ba ya sake tsirowa. Mafi muni, ɗalibin da ke tsoron a yarfa shi ba zai kira malami ya ce ya kakare ba, sai ya yi shiru ya ci gaba, majinyaci ya kwashi kuskuren.

Wannan ba ya nufin a daina gyara. Malami na da ikon tsayar da aikin nan take idan ya ga haɗari, amma faɗa ya jira har majinyaci ya tashi, a yi shi a keɓe, a nuna wa yaro inda ya kuskure.

'Yan'uwanmu mazauna Agege da Sabon Ibadan su ma suna da nasu rabon. In an haɗa mutum da ɗalibi, kada ya tarbe shi da raini, domin shimfiɗar fuska ta fi shimfiɗar tabarma. Iyaye masu 'ya'ya a wannan karatu kuma su riƙa tambayarsu yadda ake mu'amala da su, ba sakamakon jarrabawa kaɗai ba.