Ɗan Fayil Ɗin da Ke Riƙe da Alƙaluman Asibitocinmu

 

Duk ƙarshen wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci a Yankwashi da Roni da Gwiwa da Babura da Kazaure sukan zauna da rajistarsu su ƙirga aikin wata: yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awon ciki, mutum nawa aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro. Fom ɗin yakan tafi wurin jami'in tattara alƙaluma na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar a manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gina ta, Najeriya kuma ta ɗauke ta don adana bayanan lafiya na ƙasa.

Manhajar nan sassa-sassa aka yi ta. Wani sashe na shigar da alƙaluma, wani na zana taswira, wani na fitar da rahoto. Tamkar gidan gandu ne: kowane ɗaki da hidimarsa, amma rumbu ɗaya ake ɗiba. Rumbun shi ne ma'ajiyar bayanai mai suna PostgreSQL. To, ta ina manhajar ke sanin inda rumbun yake da makullin buɗe shi?

Akwai wani ɗan fayil a cikin sabar, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da manhajar, sunansa dhis.conf. In ka buɗe shi, rubutu ne zalla, layi-layi. Kowane layi, suna a hagu, alamar daidai a tsakiya, amsa a dama. Layi guda na faɗin adireshin ma'ajiyar, na biye sunan mai izinin shiga, na uku kalmar sirri. Layin da aka fara da alamar hash kuwa manhaja ba ta karanta shi, bayani ne injiniya ya bar wa wanda zai gaje shi.

Hikimar ita ce a rubuta abu sau ɗaya, kowane sashe ya amfana. In an mayar da ma'ajiyar wata kwamfuta, layi ɗaya za a gyara, a kashe manhajar a sake kunna ta, shi ke nan. Manhajar saba mai suna Apache, wadda ta fito a 1995, ita ma haka take: a fayil ɗin saitinta ake lissafa sassan da za ta ɗauka in ta tashi.

Sai dai abin da kowa ya dogara da shi, in ya samu matsala kowa zai ji a jikinsa. Harafi ɗaya ya kuskure a kalmar sirri, ba taswira, ba rahoto. Da yawanmu mun tuna 4 ga Oktoba, 2021, ranar da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Kamfanin Facebook da kansa ya ce canjin saiti ne a na'urorin da ke haɗa cibiyoyinsa ya jawo.

Shi ya sa ƙwararru ke da ƙa'ida. Kafin ka taɓa fayil, ajiye kwafinsa. Gwada gyaranka a sabar gwaji tukuna. Rubuta abin da ka canja da dalili. Kuma kada ka bar kowa ya iya buɗe shi, tunda kalmar sirri na ciki.

Kira gare ku, ɗalibanmu na makarantar Informatics da Kwalejin Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure: DHIS2 da Apache kyauta ake sauke su. Ku ɗora su a kwamfutarku, ku ɓata saitin da gangan, ku karanta saƙon kuskuren, ku gyara. Da alƙaluman da ke cikin DHIS2 hukuma ke tsara rabon magani da allurar rigakafi, don haka muna buƙatar 'ya'yanmu da suka iya riƙon wannan amana.