Daga maciji zuwa baƙin tsumma: yadda gudun abu ke yaɗuwa a ƙwaƙwalwa

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna nazarin wannan lamari, wato yadda gudun abu ɗaya ke yaɗuwa zuwa makamantansa.

A shekarar 1920, John Watson da Rosalie Rayner na jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun wallafa gwajin da suka yi da wani jariri da suka kira Albert. Da farko yaron ba ya tsoron farin ɓera. Sai suka riƙa buga ƙarfe da guduma a bayansa idan ya kai hannu wurin ɓeran. Ba a jima ba, ganin ɓeran kaɗai ya isa ya sa shi kuka. Daga nan ya soma tsoron zomo da rigar gashi, tun kafin a haɗa su da wata ƙara. A yau ƙa'idojin bincike sun hana irin wannan gwaji.

Me ya sa tsoron ke daɗewa? A 1947, masani Hobart Mowrer ya bayyana matakai biyu. Da farko mutum yana koyon tsoro. Sannan duk lokacin da ya kauce wa abin, hankalinsa kan kwanta, kuma wannan sauƙin ne ke ƙarfafa gudun. Tunda bai tsaya ba, ba zai gane cewa tsumman ba ya sara ba.

A wurin manya, yaɗuwar takan bi ma'ana, ba kamanni kaɗai ba. Wanda ya faɗi daga kabu-kabu kan daina hawan babur, sannan ya guji titin, daga baya har tasha da kasuwa. Ta haka sana'a da zumunci ke raguwa.

Akwai magani. A 1924, Mary Cover Jones ta rage wa wani yaro mai suna Peter tsoron zomo ta hanyar matso da zomon kaɗan-kaɗan yayin da yake cin abincin da yake so. Likitocin ƙwaƙwalwa na amfani da wannan dabara har yau. Taka-tsantsan na kare rai, amma idan gudu ya fara hana mutum aiki ko fita, ya kamata ya ga likita.