Allunan shaguna da tambura: ina ƙugiyar haruffan Hausa take tafiya?

Tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Jamhuriyar Nijar, maganar rubuta Hausa a alluna, takardu da tambura ta ƙara samun muhimmanci. Sai dai duk wanda ya zagaya kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya duba allunan shaguna, zai lura cewa haruffa huɗu ne suka fi shan wahala: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Sau da yawa ana rubuta su babu lanƙwasar nan da ke kansu, wadda ake kira ƙugiya.

Abin ba ƙarami ba ne, domin ƙugiyar ce ke raba ma'ana. Fada ita ce gidan sarki, faɗa kuwa rikici ne. Mai shago na sayar da kaya, ba ƙaya ba. Baki na fuska daban, baƙi masu zuwa gida daban. Hatta sunan Maraɗi, rubutun Faransanci ya saba cire masa ƙugiya. Babba da ya iya harshen yakan gane abin da ake nufi daga sauran jimla, amma yaron da ke koyon karatu a makaranta yana ganin abu ɗaya a littafi, wani dabam a titi.

Waɗannan haruffa ba baƙi ba ne. An fara amfani da ɓ, ɗ da ƙ a littattafan Hausa da aka buga a Zariya tun shekarun 1930. Hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako a 1966 don daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, aka sake wani taron a nan Yamai a 1978. A 1999 gwamnatin Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasar. Bambancin da aka fi sani tsakanin ƙasashen biyu shi ne Nijar na rubuta ƴ, kamar a "ƴaƴa", yayin da Najeriya ke rubuta 'y.

To me ya sa har yanzu suke ɓacewa? Dalili na farko shi ne madannin kwamfuta. Galibin na'urorin da ke ofisoshi da maɗaba'u a Nijar suna da madannin AZERTY, wanda aka tsara domin Faransanci. Akwai é, è, ç da ù, amma babu ƙ ko ɗ. Mai aiki da ke sauri sai ya danna k ko d ya wuce.

Dalili na biyu ya shafi salon harafin, abin da masu tsara zane ke kira "polis" da Faransanci. Kowane salo tarin zane ne: wani ya zauna ya zana kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi na duniya lambarsa, ya ƙunshi haruffan Hausa tun farkon shekarun 1990, amma ba dole ba ne ga wanda ya ƙera salo ya zana su. Yawancin salon ado da ake so a allo ko katin gayyatar biki an yi su ne domin harsunan Turai. Idan aka buga ƙ a cikinsu, ko dai wani ɗan akwati ya bayyana a gurbinta, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo. Shi ya sa ake ganin kalma mai kaurin haruffa da siririn ɗ guda a tsakiya, kamar haƙorin maka.

A nan ne lamarin ke taɓa aljihu. Tambari, launi da salon rubutu su ne fuskar sana'a. Da su mai saye ke gane kayan da ya saba da su a kan leda, kwali ko shafin Facebook. Idan an buga ledoji dubu biyar da suna marar ƙugiya, gyara na nufin sake biya. Wasu masu zane kan ɗora wa k ƙugiya da hannu. Dabarar na iya yin aiki a tambari guda, amma ba ta wadatar da takarda mai shafuka, kuma injin bincike ba ya ganin harafin a matsayin ƙ.

Masu ƙera haruffa sun daɗe suna neman mafita. A shekarun 1980 Bajamushe Hermann Zapf ya sa hannu a aikin zana salon da ya haɗa haruffan harsunan Najeriya, har da na Hausa. A yau akwai Noto na kamfanin Google, wanda burinsa shi ne kawar da akwatin nan daga kowane rubutu. Ƙungiyar SIL ta samar da Charis, Gentium da Andika. Na ƙarshen an tsara shi musamman domin masu koyon karatu. Duka kyauta ake sauke su, kuma suna da ƙanana da manyan haruffan: Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ. Masu ajami ma ba a bar su a baya ba, domin SIL ta fitar da Alkalami, wanda ya kwaikwayi rubutun hannu mai kauri irin na littattafan kasuwar Kano, da kuma Harmattan. Game da madanni, ana iya ƙara Hausa a Gboard na wayar salula, a kwamfuta kuma manhajar Keyman na yin wannan aikin ba tare da ko dala ba.

Abin lura shi ne mai fenti da buroshi bai taɓa samun wannan cikas ba: hannunsa na iya lanƙwasa duk harafin da aka nuna masa. Matsalar ta ƙaru ne da aka koma bugun na'ura.

Ga mai son allo ko tambari, gwajin mai sauƙi ne. Kafin ya ba da kuɗin kafin alƙalami, ya rubuta sunan sana'arsa daidai a takarda, ya nemi a buga masa kalmomi huɗu cikin salon da aka zaɓa, da ƙananan haruffa da manya: ɓera, ɗaki, ƙofa, ƴaƴa. Idan ƙugiyoyin sun fito da kauri ɗaya da sauran haruffa, a ci gaba da aiki. Idan akwati ya bayyana ko harafi ya rame, a canza salo tun ba a kai ga inji ba.