Mai Kaza a Aljihu: Me Ya Sa Ake Sa Ido Kan Tashoshin Nukiliya?

Tashar lantarki ta nukiliya ba bam ba ce. Yuraniyom ɗin da take ƙonawa an tace shi ne zuwa kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, na bam kuwa sai ya kai wajen kashi 90. To, ina abin tsoron? Yana cikin ragowar. Sandunan makamashin da aka gama amfani da su na ɗauke da sinadarin fulutoniyom, kusan kashi 1 cikin ɗari na nauyinsu, kuma kilo 8 kacal nasa ake lissafawa a matsayin abin da zai iya isa bam guda.

Wannan ne ya sa Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, da aka kafa a 1957 mai hedikwata a birnin Biyana, ta zama mai duba sikeli. A ƙarƙashin yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya da ta fara aiki a 1970, duk ƙasar da ta sa hannu wadda ba ta da makamin, dole ta buɗe wa hukumar littafinta: nawa ya shigo, nawa ya fita, nawa ke ajiye.

Sufetocin ba sa tsayawa ga takarda. Sukan kafa kyamarori, su ɗaure murfin tukunyar nukiliyar da hatimin da ba a cirewa sai an gane. Sukan leƙa kududdufin da ake sanyaya tsofaffin sanduna, su duba shuɗin hasken da sandar gaske ke fitarwa, don kada a musanya ta da ta bogi. Har ƙurar bango sukan goge, su kai ɗakin gwaji.

Duk da haka an taɓa yi musu rufa-rufa. A 1991 aka gano Iraƙi na aiki a ɓoye a wuraren da ba ta bayyana ba, abin da ya sa aka faɗaɗa ikon binciken a 1997. Koriya ta Arewa kuwa a Disamban 2002 ta cire hatimai a tashar nukiliyarta ta Yongbyon, ta kori sufetoci, a 2006 ta gwada bam. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Maganar ba ta yi mana nisa ba. A baya, yuraniyom ɗin Arlit a Nijar ya daɗe yana ciyar da tashoshin Faransa. A Zariya ma, ƙaramar tukunyar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello ta koma amfani da makamashin da ba a tace sosai ba a 2018, aka mayar da tsohon zuwa Sin.

Don haka idan ka ji wata ƙasa na gina tashar nukiliya, kada ka firgita. Tambayi abu guda: sufetoci na shiga? Ranar da ka ji an kashe kyamara, an rufe musu ƙofa, ranar ce ta kasa kunne.