Tsohon Gilashin Kyamara Mai Saitin Hannu: Me Masu Hoto Suke Gani a Cikinsa?

Duk wanda ya zauna da masu sha'awar ɗaukar hoto a Kafanchan zai ji wata magana da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, wato wai tsohon gilashin kyamara, irin wanda ake murɗawa da hannu kafin hoto ya fito raɗau, ya fi na zamani kyawun hoto. Wasu kan ce hotonsa yana da rai, wasu su ce yana da laushi a ido. Ni ma ina daga cikin masu amfani da shi, don haka nake so in yi wa mai karatu bayanin abin da ke cikin wannan magana, musamman ɗalibin da yake tara ɗan kuɗinsa da niyyar sayen kayan hoto.

Da farko, gilashin kyamara shi ne idonta. Jerin gilasai ne a cikin bututu, suna tattara haske su sauke shi a kan fim, ko a kan farantin lantarki da ya maye gurbin fim. Saiti kuwa shi ne matsar da gilasan gaba ko baya har abin da ake son ɗauka ya fito sosai. A da, hannu ne kaɗai ke yin wannan aiki. Kamfanin Konica na Japan ne ya fara fitar da kyamara mai saita kanta kasuwa a shekarar 1977, sannan Minolta 7000 ta 1985 ta yaɗa abin a cikin manyan kyamarori. Da Canon ya sauya bakin kyamarorinsa gaba ɗaya a 1987, sai tsofaffin gilasansa na FD suka zama marayu, ba su hawa sababbin. Daga nan aka yi ta jibge gilasan hannu a akwatuna da shagunan gwanjo.

Abin da ya dawo da su shi ne kyamarar da ba ta da madubi a ciki, wadda Panasonic ya fara fitarwa a 2008, Sony kuma ya biyo baya da NEX a 2010 da A7 a 2013. Dalilin na lissafi ne. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim. Tsofaffin gilasan M42, waɗanda ake ɗaurawa kamar marfin kwalba, tazararsu ta ɗan haura milimita 45, ta kyamarar Sony kuwa milimita 18 ce kacal. Ke nan zoben ƙarfe mai arha, wanda ake kira adafta, ya isa ya cike giɓin. Sai dai a kula: a manyan kyamarorin Nikon masu madubi tazarar milimita 46.5 ce, ta zarce ta M42, don haka gilashin ba zai saita abu mai nisa ba, sai da adafta mai ƙarin gilashi, wanda yakan rage kyawun hoton.

To, ina batun rai da laushi? A nan ne zan ɗan tsaya. A ganina, yawancin abin da ake yabawa nakasu ne da ido ya so. Ɗauki Helios-44, mai tsawon milimita 58, wanda aka ƙera a Tarayyar Sobiyet ana sayar da shi tare da kyamarar Zenit. Kwaikwayon Biotar ne na kamfanin Carl Zeiss na Jamus. In ka buɗe ƙofar haskensa duka, ka tsayar da mutum a gaban ganyayen mangwaro da rana ke ratsawa, fuskar za ta fito, amma bayan zai dushe yana juyawa kamar guguwa. Injiniya zai ce wannan kuskure ne da aka kasa gyarawa. Amarya kuwa in ta ga hoton, cewa za ta yi a ƙara mata wani.

Haka Super-Takumar mai milimita 50 na kamfanin Asahi, masu Pentax. Wasu daga cikinsu an zuba sinadarin toriyom a gilashinsu, wanda da daɗewa yake rina shi ya koma ruwan ɗorawa. Ɗumin launin da ake yabo a hotonsa, wani ɓangare nasa tsufa ne kawai. Sannan akwai shafen da ake yi wa gilashi don hana haske tarwatsewa a ciki. Kafin shafe mai hawa-hawa ya yaɗu, wanda Pentax ya fara tallata nasa a 1971, gilasai sukan rage tsananin bambanci tsakanin baƙi da fari. Wannan yakan yi mana daɗi a nan: mutum baƙi cikin farar babbar riga da tsakar rana abu ne mai wuyar ɗauka, kuma gilashi mai sassauci yakan sa fuskar ba ta nutse cikin duhu sosai. Amma juya shi ya fuskanci rana ka gani, hoton zai wanke kamar an zuba masa ruwan koko.

Ga wani lissafi da ya kamata mai saye ya riƙe. A kyamara mai faranti daidai girman fim, gilashin milimita 50 a buɗe a f/1.4, mutum na tsaye a nisan mita 2, abin da zai fito raɗau bai wuce zurfin santimita 13 ba. In ya ɗan sunkuyo, ido ya dushe, kunne ya fito. In ka tsuke ƙofar zuwa f/8, zurfin yakan kai kusan santimita 80, kuma a nan tsohon gilashi mai kyau yakan yi kafaɗa da na zamani, har da wuya a bambance su a hoton da aka wanke. Shi ya sa nake cewa wanda ya yi maka rantsuwa da kaifin wani gilashi, tambaye shi a wace ƙofa ya gwada.

Inda saitin hannu yake nuna amfaninsa na gaskiya shi ne wurin da na'ura ke ruɗewa. A magangarar ruwan Matsirga, kusa da Kafanchan, ruwa na zubowa daga tsayin da ya haura mita 20, feshi ya cika iska. Kyamara mai saita kanta takan yi ta kai da komo tsakanin feshin da dutsen. Da hannu, sau ɗaya za ka saita a kan dutsen, shi ke nan. Haka a bikin Afan na Kagoro, ranar 1 ga Janairu, tsakiyar hunturu, ga ƙura ga cunkoso, kowa na giftawa ta gabanka. Tsofaffin gilasai suna da ma'aunin nisa a zane a jikinsu. Sa gilashin milimita 28 a f/8, ka ajiye saitin a ɗan sama da mita 3, to daga kamar mita ɗaya da rabi har duwatsun Kagoro komai zai fito. Ba sauran murɗawa, sai dai ka sa ido ga maharba da masu rawa. Da wannan dabara tsofaffin masu hoton biki suka ci abinci shekara da shekaru.

Duk da haka ba zan ɓoye ba, in yaro ne ke gudu, ko wasan ƙwallo, kyamarar zamani mai bin ƙwayar ido ta fi hannun kowa sauri. Wanda aka biya ya ɗauki ɗaurin aure a coci ko a masallaci, inda ba a maimaita komai, bai kamata ya je yin gwaji da Helios ba.

Saura batun da masu yabo ba su cika ambata ba, alhali shi ne ke cinye kuɗin mutane. Kudancin Kaduna ya fi Zariya da Kano ruwan sama, damina takan kama daga Afrilu har Oktoba. Gilashin da aka rufe a jakar fata cikin wannan laima yakan yi fumfuna a ciki, zare-zare kamar saƙar gizo, kuma in ta daɗe takan ci shafen har abada. Kafin ka biya, cire marafen biyu, ka buɗe ƙofar duka, ka haska tocilan ta baya ka leƙa. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan ba ta fitowa a hoto. Fumfuna da hazo-hazo su ne abin gudu. Ka murɗa zoben saiti ka ji ko yana tafiya sumul daga farko har ƙarshe, ka duba ganyayen ƙofar ko mai ya malalo musu, domin in ya malalo sukan maƙale. In ka kai shi gida, kada ka binne shi a ƙasan akwati. Roba mai marfi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin takalmi sun wadatar, a riƙa shanya su a rana lokaci-lokaci. Da hunturu kuma, hure ƙurar tukuna kafin ka goge, don ƙurar hunturu tana da yashi, gefen riga kuwa kan mayar da ita takardar gurza.

Ga ɗalibin da ya tambaye ni da wanne zai fara, nakan ce milimita 50 mai f/1.8 ko f/2, na Pentax ko Minolta ko Nikon ko Yashica. An ƙera su da yawan gaske, don haka ba su da tsada, kuma ƙirarsu mai sauƙi ce, da wuya ka gamu da maras kyau. Ka ɗauke shi ka shiga tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan da hantsi, inda layin dogo ke miƙewa yana rabuwa. Saita a kan ƙusa ɗaya ta kusa, ka ɗauka a f/2, ka sake a f/4, ka sake a f/8, sannan ka jera hotunan uku a gabanka ka kwatanta.