Masu kutse ba matsafa ba ne

Tun da ƙungiyar Paradigm Initiative ta fallasa a watan Yunin 2024 cewa ana sayar da bayanan NIN a intanet kan naira 100, duk wanda aka damfara ta waya a Maiduguri sai ya ɗora laifin kan "masu kutse". Hukumar NIMC mai kula da NIN dai ta musanta cewa an fasa rumbunta. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake kallon masu kutsen nan kamar wasu matsafa da babu yadda aka iya da su. Wannan tunani ya fi yi wa mai sakaci daɗi, domin ya wanke shi.

Garin nan ya sha rajista. An shafe shekaru ana ɗaukar sunaye da hoton yatsun 'yan gudun hijira don rabon abinci, ga kuma jerin sunaye da lambobin waya da aka tattara bayan ambaliyar Alau ta Satumbar 2024. Irin waɗannan bayanai a rumbun kwamfuta ake zuba su, kowane rumbu kuma yana da asusun shiga. Sau da yawa ba fasa rumbun ake yi ba: kamar mai shago ne a Monday Market da ya sayi ƙaton kwaɗo, ya kulle, ya tafi gida ya bar makullin a jiki.

Matsalar ta daɗe. A 2002 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Spida ta yaɗu ta hanyar neman rumbunan SQL Server da aka bar babban asusunsu, wato mai suna "sa", babu kalmar sirri ko kaɗan. A farkon 2017 kuma aka kwashe dubban rumbunan MongoDB da aka bari a buɗe, aka nemi kuɗin fansa.

Dubawar da za a yi don gano asusun da ke da kalmar sirri mai rauni kuwa ba ta kai aikin rabin yini ba. Rumbun ba ya ajiye kalmar sirri a fili, murɗe ta yake yi ta koma wasu haruffa marasa ma'ana. Sai mai kula da shi ya ɗauki kalmomin da kowa zai iya cinka, irin su 123456, ko sunan ofishin, ko sunan asusun kansa, ko ma a bar gurbin fayau, ya sa na'ura ta murɗe su ta kwatanta da na kowane asusu. SQL Server na da umarnin PWDCOMPARE don wannan aiki. Duk asusun da ya yi daidai, a sauya masa kalma nan take.

Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72 idan bayanan jama'a suka fita ta yadda za a iya cutar da su. Amma ofishin da mutum biyar ke shiga da kalma ɗaya, an rubuta ta a takarda an manna a jikin allon kwamfuta, yaya zai gane wanda ya kwashe? Balle asusun ɗan bautar ƙasa da ya gama ya tafi tun bara, har yau ba a rufe shi ba.