Mene ne ya bambanta motar ƴan sanda da motar gida?

Jiniya da fitilu masu walƙiya su ne abin da idon mutum ke fara gani a motar ƴan sanda, amma ana iya ɗora su kan kowace mota. Bambancin gaske yana cikin inji da birki da ƙarafan ƙasan motar, kuma kowace ƙasa tana zaɓen irin motar da ta dace da hanyoyinta.

Amurka: motar da ke kwana a kunne

A Amurka kamfanonin ƙera motoci suna da samfurin da suke sayar wa jami'an tsaro kaɗai. Wadda ta fi shahara ita ce Ford Crown Victoria, mai injin silinda takwas, wadda aka daina ƙerawa a 2011. Bayanta Dodge Charger da Chevrolet Tahoe da Ford Police Interceptor Utility suka maye gurbinta. Duk shekara ƴan sandan jihar Michigan sukan gwada sababbin samfura a filin tsere, su auna gudu da birki da yadda mota ke shan kwana, sauran rundunoni kuma su duba sakamakon kafin su sayi tasu.

Yawancin aikin motar sintiri tsayuwa ce. Takan shafe awanni a bakin hanya inji na kunne, rediyo da kwamfuta da kyamara da fitilu suna jan wuta, sai kwatsam a buƙaci ta tashi da cikakken gudu. Saboda haka ake ƙara mata girman lagireto, a sa abin sanyaya man inji da na giya, a ba ta babban janareto mai cajin batir. Birkinta ya fi na motar gida jure zafi, don birkin da aka yi ta takawa cikin gudu yakan yi zafi har ya daina kamawa. Tayoyinta na musamman ne, galibi kuma kan gargaren ƙarfe suke, wanda ke lanƙwasa idan ya daki dutse maimakon ya tsage.

Cikinta ma daban ne. Ƙofofin baya ba sa buɗuwa daga ciki, akwai shinge tsakanin direba da wanda aka kama, kujerar baya kuma ta roba ce mai sauƙin wankewa. Kamfanin Ford ya ce yana gwada motocinsa na ƴan sanda da karo daga baya a gudun kilomita 120 cikin awa, domin jami'ai da dama sun rasa rayukansu a motocin da ke tsaye a gefen babbar hanya.

Faransa: ƴan ƙalilan masu tsananin gudu

Jandarmomin Faransa ba sa ba kowace tawaga mota mai ƙarfi. Sintirin yau da kullum da motocin gida irin su Peugeot da Renault ake yin sa, sai a ware wasu ƴan ƙalilan masu gudu domin manyan hanyoyi, inda iyakar gudu ta kai kilomita 130 cikin awa. A 2006 sun karɓi Subaru Impreza, a 2011 Renault Mégane RS, sannan a 2021 ma'aikatar cikin gida ta yi odar Alpine A110 guda 26, waɗanda ake ƙerawa a garin Dieppe. Wannan mota tana kai kilomita 250 cikin awa, amma kujeru biyu gare ta. Aikinta shi ne ta cim ma mai gudun wuce kima ko mai safarar ƙwaya ta tsayar da shi, wata motar ta zo ta ɗauke shi.

A Italiya kuwa ƴan sanda suna da Lamborghini, wadda aka sa wa akwatin sanyi, ana amfani da ita wajen kai ƙoda da sauran sassan jiki asibiti cikin gaggawa domin dashe.

Sahel: juriya ta fi gudu

A Nijar da Chadi da arewacin Kamaru, motar da ake yawan gani hannun jandarma da ƴan sanda da ƴan duwan ita ce Toyota mai buɗaɗɗen baya, Hilux ko Land Cruiser. Alpine ba za ta yi nisa ba a hanyar Agadas zuwa Dirku, inda babu kwalta kuma tashar mai ke da nisan ɗaruruwan kilomita. Abin da ake nema a nan shi ne mota mai tsawo daga ƙasa, mai jan ƙafa huɗu, mai ɗaukar mutane da ruwa da mai, wadda makanikin ƙaramin gari zai iya gyarawa. Jerin Land Cruiser 70, da aka fara ƙerawa a 1984, ya cika waɗannan sharuɗɗa. Tun a 1987 sojojin Chadi suka nuna abin da irin waɗannan motoci ke iya yi a hamada, lokacin da suka karɓe Fada da Wadi Dum daga dakarun Libiya.

Sai dai mota mai tsawo tana saurin kifewa idan aka sha kwana da gudu, kuma waɗanda ke zaune a baya ba su da bel ko rufin da zai kare su. Ba a ƙera ta domin tsere cikin gari ba.

Shin bin mai laifi da gudu yana biyan kuɗin sabulu?

Motar da ke gudun kilomita 120 cikin awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da birki ke buƙata kafin ta tsaya yakan ninka huɗu. A Amurka ɗaruruwan mutane ke mutuwa duk shekara a haɗurran bin masu laifi, cikinsu har da masu wucewa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 2023 wani rahoto da ma'aikatar shari'ar ƙasar ta ɗauki nauyinsa ya ba da shawarar kada a bi mota da gudu sai idan an aikata laifin zub da jini kuma wanda ake zargi na shirin cutar da wasu. A sauran lokuta a ɗauki lambar mota, a sanar da shingen gaba ta rediyo, ko a shimfiɗa ƙusoshin fasa taya. A garuruwanmu, inda babura da amalanke da ƴan makaranta ke bin hanya ɗaya, haɗarin ya fi haka yawa.

Ga masu sayen motocin Kwatano

Rundunonin Amurka sukan yi gwanjon tsofaffin motocinsu, don haka mai saye a Kwatano ko Lome yana iya cin karo da irinsu. Kada ya tsaya ga kilomitan da agogon mota ya nuna. A lissafin Ford, awa ɗaya da inji ya yi a kunne mota na tsaye daidai take da tafiyar kusan kilomita 50, kuma da yawa daga cikin motocin suna da ma'aunin waɗannan awanni. Ya duba shi, ya duba ramukan da aka toshe a rufi da wayoyin da aka yanke, kafin a yi ciniki.